Shekarar da Na Taɓa Itacen Kirsimeti

Na san abin da kuka ji a bakin mutane, don ni ma ya sha dawowa kunnena. Wai uwarku ta ƙone itacen majami'a ƙurmus, ta bar baƙi da yunwa ranar Kirsimeti, ta jawo aka sauke ubanku daga kujerar dattawa. Har wata jikata ta taɓa tambayata tana dariya, ko gaskiya ne na yi sata a gidan Allah. To yanzu da yawancin waɗanda suka ga abin da idonsu sun koma ga Ubangiji, bari in faɗa muku yadda aka yi tun bakina yana motsi. Baƙi sun ci sun ƙoshi, wasu har da ƙunshin guzuri. Itace kuma ban ƙone duka ba, ƙiryar kawai na bi na zaɓe. Maganar kujera ce gaskiya, ita ma ba yadda ake ba da ita ba.

A lokacin Turawa ba su daɗe da tafiya ba. Muna ƙauyenmu na wajen Tabanni, daji ta gabas, daji ta yamma, in ka ji ƙarar mota to ta masu yankan katako ce. Majami'armu ginin laka ce da jinka, bangonta ɗaya yana jingine da dangan gidanmu, har in mai bishara ya yi tari a ciki ina ji daga madafa. Ubanku Bulus shi ya kwaɓa ƙasar ginin da ƙafarsa. Shi ne na farko a gidansu da aka yi wa baftisma, mahaifinsa ya karɓe gonar da ya ba shi saboda haka. Shekara da shekaru yana sharar majami'a, yana buga tsohon ƙarfen da ake kiran sujada da shi, kafin aka zaɓe shi dattijo. Kujerar ma ba wata kujera ba ce, benci ne na katako a gaba, mutum uku ke zama a kai. Amma ku da kuka san shi kun san ba mai magana ba ne, ni nake yi mana mu biyu, kuma bencin nan shi ne abu ɗaya da duniya ta taɓa ba shi ta ce ga naka. Yana da farar riga guda ɗaya, ba ya sa ta sai zai zauna a wurin.

Mu mata kuwa ba mu da hatsin kanmu da za mu kai baiko, sai muka mai da itace baikonmu. Da an fara yankan dawa, kowace Juma'a mu shiga daji tare, muna waƙa, kowa ta dawo da kayanta a kafaɗa ta zube bayan majami'a. Da shi ake dafa abincin Kirsimeti, don shekarar da juyi ya zo kanmu ƙauyuka huɗu ne ke taruwa a wurinmu. Ranar Lahadin ƙarshe mai bishara ya fito ya ɗora hannu a kan tulin ya yi addu'a. Daga nan ya tashi daga namu, ya zama na Ubangiji, ko tsinke ba mai zara. Kuma da yake tulin a jikin dangana yake, ni aka ba tsaronsa. Wannan shekarar ba a taɓa tara irinsa ba. Mun tsince duk busasshen da ke kusa, sai ka yi tafiyar rabin yini kafin ka ga wanda zai ci wuta.

Ana nan ga Rifkatu a ɗakina da ciki. Rifkatu 'yar wan ubanku ce, iyayenta sun rasu, a hannuna ta girma, ita ce uwar wanda kuke kira Yaya Dauda. Wani daga cikin masu katako ya yi mata alkawarin aure, aikinsu ya ƙare, motarsu ta hau hanyar Kaduna, shi ke nan. Ikilisiya ta sa ta a horo. Ku na yanzu ba ku san nauyin wannan kalma ba. Za ta zauna a bencin baya bakin ƙofa, ba za ta ci jibin Ubangiji ba, in ta haihu ba matar da za ta zo barka ko ta kawo gudummawar itacen wanka. Dattawa suka ce da ubanku, tunda shi dattijo ne, kada a ga tulin itacen jego a ƙofar gidansa kamar ana murna, ya kai ta wurin gwaggonta a Randagi ta haihu can. Ya yarda, ni ma na yarda, aka sa rana bayan Kirsimeti. Gwaggon ta tara itace a can. Ni ban tara komai ba sai na tuwon gida.

Ba na so ku ɗauki Malam Yohanna, mai bishararmu, a matsayin mugu. Daga kudancin Zazzau ya taso ya zo ya zauna da mu cikin daji, shi ya buɗe ajin manya inda na koyi ɗan rubutun da kuke karantawa yanzu. Yakan ce mu 'yan kaɗan ne, kowa idonsa a kanmu, in muka saki horo motar katako za ta kwashe mana 'yan mata ɗaya bayan ɗaya. Yana da gaskiyarsa.

Sai dai jariri ba ya jin shawarar dattawa. Saura kwana biyu Kirsimeti, da hantsi, ina tankaɗe, na ji Rifkatu ta kira ni da wata murya da duk macen da ta taɓa haihuwa ta sani. Na leƙa ta danga na kira Iya Hansatu, maƙwabciyarmu Musulma, wadda ita ta karɓi haihuwar rabin garin, har da ku manyan. Kafin azahar Dauda ya faɗo, ɗan ƙarami, sai murya. Iya ta yanke cibi, ta wanke hannu, ta fito tsakar gida ta duba hagu ta duba dama.

"Ke 'yar Gwari, ina itacenki?"

Na ce babu. Ta ce ita dai ta san danginmu da kwasar daji kamar gara, yau kuma an wayi gari a gidan Bagwariya ba itace, lalle duniya ta zo ƙarshe. Ta je ta kwaso ɗan abin da ke madafarta, ya ishe mu wankan yamma ɗaya. Na san yanzu ma'aikatan asibiti suna cewa ruwan jego kada ya cika zafi, ban kuwa musa musu ba. Amma abin da muka sani a lokacin shi ne, mai jego ruwa tafasasshe safe da yamma kwana arba'in, da ganyen tsamiya, da wuta ƙarƙashin gadon ƙasa. In aka yi sakaci sanyi ya shige ta, ta kumbura, ta tafi ta bar jariri. Na ga wadda aka binne a haka, ba labari aka ba ni ba.

Washegari na gwada da karan dawa. Kara kuwa bal ɗaya yake yi ya zama toka, babbar tukunya ko ɗumi ba ta yi ba. Ga Talatu a bayana tana shan nono, ga mai jego, ga jariri, ba macen da za ta taka gidan balle in bar mata su in shiga daji. Na tsaya na dubi tulin nan da ya fi ni tsayi, a jikin dangana. Ban yi wani dogon tunani ba, gaskiya. Na zagaya na zaro ƙirya, don ita ce ke ci a hankali ta bar garwashi. Na zara da safe, na ƙara zara da la'asar. Hannatu, shugabar matan majami'a, da ta zo duba kayan girki, kallo ɗaya ta yi wa tulin ta gane, don rabin ƙiryar ita ta saro ta.

Kafin rana ta faɗi magana ta kai ga Malam Yohanna, ya kuma yi sauƙi. Ya aiko ubanku ya gaya mini abin da ya ƙone ya ƙone, ba za a tayar da zancen ba, amma kada in sake taɓawa. Ubanku ya tsuguna bakin murhu yana wasa da ɗan tsinke a ƙasa, ya faɗa mini saƙon, sa'an nan ya ƙara nasa.

"Uwar Talatu, kwana ɗaya ne. Gobe kawai. Jibi in baƙi sun watse a san yadda za a yi."

Na ce to. Har zuciyata na ce to, don na ga fuskarsa.

Ranar Kirsimeti gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi. Baƙi suka fara isowa da ganguna, mata suka jera tukwane bayan majami'a, hayaƙi ya tashi, ƙanshin nama ya cika gari. Ubanku ya sa farar rigarsa ya fita. Ni ban je sujada ba, na zauna da Rifkatu, na jiƙa tsumma a ɗan ruwan da kara ya ɗumama ina goga mata. Jikinta yana rawa, tana ƙoƙarin ɓoye mini. Na ce bari in ƙara kara, sai ta riƙe mini hannu.

"Ki bar shi, Inna. Ni ai ba irin wadda ake dafa wa ruwa ba ce."

A daidai nan waƙa ta tsaya a majami'a, muryar Malam Yohanna ta ratso bango yana karanta labarin haihuwar Yesu. Na ji labarin nan ya fi sau goma, har na taɓa fitowa a matar mai masauki a wasan da mukan yi. Amma ran nan kunnena ya kama abin da bai taɓa kamawa ba. Aka ce ta haifi ɗanta, ta naɗe shi da zane, ta kwantar da shi inda ake zuba wa dabbobi abinci. Ita ta haifa, ita ta naɗe, ita ta kwantar. Shekaranjiya a ɗakin nan Iya Hansatu ce ta karɓa, ni na naɗe, Rifkatu ko ɗaga kai ba ta iya ba. Na ce a raina, ashe ba mace ko ɗaya a wurin. Garin cike da danginsu, kowa ya zo ƙidaya, kowane gida hayaƙi na tashi ana dafa wa baƙi abinci, amma ba wadda ta ajiye muciya ta leƙa.

Na gyara goyon Talatu, na ɗauki igiya. Wannan karon ban zagaya ta baya ba, ta gaban masu girki na bi. Na shiga zaro ƙirya ina jerawa. Hannatu ta taso da ludayi a hannu.

"Saratu, kin san na wane ne wannan."

"Na sani, Yaya Hannatu. Shi ya sa na zo nan, ban je madafarki ba."

Wata daga cikin baƙi ta yi dariya ta toshe baki. Na ɗaure kayana, ba wadda ta taya ni, ba kuma wadda ta hana ni. Na ɗora a kafaɗa na shige gida, na hura wuta, na ɗora babbar tukunya na cika ta.

Ruwan yana tafasa aka tashi sujada. Sai ga Malam Yohanna ya yi sallama, ubanku na bayansa. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce ya yi mini sauƙi jiya a ɓoye, yau na mayar masa da shi a gaban ƙauyuka huɗu. Ya ce abin da aka keɓe wa Ubangiji ba a mai da shi ga wadda ikilisiya ta tsawata wa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sa'an nan na ce ina da tambaya.

"Malam, wa ya dafa wa Maryamu ruwa?"

Ya ce ba a rubuta ba.

"Na ji kun karanta ita ta naɗe shi da kanta. Mace da ta sauka yanzu-yanzu ba ta naɗe ɗanta, Malam, sai in ba kowa a ɗakin. Ku maza ba za ku ji wannan a karatun ba."

"Saratu, Maryamu ba ta yi laifi ba. Kada ki haɗa su."

"Ban haɗa su ba, Malam. Ni da ku mun san ba ta yi ba. Matan garinsu fa? Su ma watanni suka ƙirga a yatsa."

Ba wai na ka da shi ba ne, kada ku ce na ce haka, don har ya bar garin bai canja ra'ayinsa a kan itacen ba. Ni kuwa ga tukunya na tafasa, sai an kai ta makewayi, mutum ɗaya ba ya ɗaukarta, Iya Hansatu kuma ta tafi karɓar wata haihuwa a ƙauyen gaba. Na naɗe tsumma a hannu na kama baki ɗaya, na tsaya. Ban kira kowa ba. Sai na ga ubanku ya tuɓe farar rigar, ya ninke ta, ya ɗora a kan turmi. Ya ɗauki ɗayan tsumman.

"Kama da kyau," in ji shi.

Muka wuce da ita ta gaban Malam, tururi na dukan fuskokinmu.

Ga abin da nake so ku riƙe, ku da ke Kaduna da sauran birane, masu Kirsimetin shinkafa da kaji da sabon ɗinki. Ban hana ku ba, ni ma ina son shinkafar, ku ci gaba da aiko mini. Amma tun ran nan na daina jin labarin nan kamar na mala'iku da taurari kaɗai. Wanda ya yi dajin nan duka, da kowace ƙirya da ke cikinsa, da ya tashi zuwa wurinmu sai ya zo a jariri mai jin sanyi, wanda in ba a hura masa wuta ba ba zai iya hura wa kansa ba. Da gangan ya sa kansa a hannun mutane. Kuma bai zo gidan da aka shirya tulin itace ana jiran barka ba, ya zo inda ake gulma. Ni abin da na fahimta ke nan, da ɗan karatuna. Ba na cewa horo ba shi da wuri, Rifkatu ta yi horonta ta gama, aka karɓe ta, ta yi aure, ta mutu tana mai bi. Amma in kuka ga kuna dafa wa Yesu abincin haihuwarsa, ga kuma wata kwance a bayan bangonku tana cewa ita ba irin wadda ake dafa wa ruwa ba ce, to kun san inda yake a ranar. Ba ya wajen tukwanenku.

Washegarin Kirsimeti da sassafe na ji ana jefo guntayen itacen da suka rage ta kan danga. Ban ga kowa ba, amma na ji an yi tari, na kuwa san tarin Hannatu ko cikin kasuwa. Ba mu taɓa yin zancen ba har ta rasu. Da su na lallaɓa kwana uku, har ranar da dattawa suka zauna.

Sun buɗe wa ubanku ƙofa, wannan ma a faɗa don gaskiya. Suka ce in ya tsaya ya ce matarsa ta yi ba da saninsa ba, za a sa ni horon wata uku, shi ya ci gaba da zama a wurinsa. Da ya gaya mini na ce ya karɓa, ai ba ƙarya ba ce, ban tambaye shi ba. Na ce ni bencin baya bai dame ni ba, can ma an fi shan iska, ga hira. Da la'asar suka shiga majami'a su huɗu, ni kuwa na ɗauko tsintar wake na zauna jikin bango, kun san halina. Aka yi addu'a, aka maimaita masa maganar, aka ce ya amsa. Sai na ji muryarsa.

"Ba ta tambaye ni ba, gaskiya ne. Amma ni na kama tukunyar, Malam yana tsaye. Yarinyar kuma 'yar wana ce. Ni ya kamata in tara mata itace tun da kaka, na ji tsoron bencin nan ban tara ba."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce ya yi tunani, shekara nawa ya yi yana wahala kafin ya kai nan. Ubanku ya ce ya riga ya yi. Aka sauke shi a ranar.

Ba zan yi muku ƙarya in ce bai ji ba. Ya ji, ya kuma daɗe yana ji. Bai sake zama a gaba ba har ya bar duniya. Ran Lahadi in aka kira dattawa su fito raba jibi, ina ganin yadda yake sunkuyar da kai yana duban tafin hannunsa. Ni ma nakan tambayi kaina, da na haƙura da kwana ɗayan nan da ya roƙe ni, wataƙila ba abin da zai sami Rifkatu, shi kuma ya mutu da kujerarsa. Wataƙila. Ban sani ba, kuma na ɗauki wannan nauyin, nawa ne. Amma in aka mayar da ni safiyar nan, yarinyar nan ta riƙe mini hannu ta faɗi abin da ta faɗa, igiyar zan sake ɗauka.

Da gari ya waye bayan zaman dattawan, ina kankare toka a murhu, ya fito ya ce ina gatarina. Na ɗauka ƙota zai gyara mini. Sai na ga ya saɓa shi ya ɗauki igiya. A garinmu namiji ba ya zuwa itace, ko gwauro sai dai ya roƙi ƙanwarsa. Ga hanya ta bayan gida mai shiga daji kai tsaye, amma ya bi ta tsakiyar gari, ta bakin rijiya inda mata suke, ta gindin tsamiya inda maza ke zama. Na ji wani ya tambaye shi ko zane zai fara ɗaurawa, aka kwashe da dariya. Bai juya ba.

Sai bayan azahar ya dawo, gumi sharkaf, kafaɗa ta saluɓe, ɗaurin duk ya karkace. Ya zube a tsakar gida. Na duba, rabi ruɓaɓɓe ne, rabi ɗanye.

"Maigida, wannan ai ba ya ci. Hayaƙi kawai zai yi mana."

"To ki gaya mini wanda ke ci, gobe in nemo. Saura kwana nawa?"

Na ce talatin da huɗu. Ya gyaɗa kai, ya sha ruwa, ya ɗauki gatarin ya jingine shi a bakin ƙofar ɗakinsa, ba nawa ba.